Mutum uku na son gidana, wa zan bai wa makulli?

Sabon Mai Gida:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, manyanmu da suka daɗe a harkar ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Allah ya nufa na ƙarasa ɗaya sashen gidana, ɗaki biyu da falo. Ni da iyalina muna zaune a ɗayan, ƙofar shiga ɗaya ce. Ban taɓa ba da haya ba, ni ma shekara tara na yi ina biyan wasu. Cikin sati biyu mutum uku suka nuna suna so.

Na farko ya zo a mota mai kyau, ga fara'a kamar mun shekara da sanin juna. Bai yi ciniki ba. Cewa ma ya yi zai ba ni kuɗin shekara biyu a dunƙule in har zan miƙa masa makulli a ranar. Da na ce akwai takardar da za mu cike sai ya yi dariya, wai ai tsakanin manya magana ta isa.

Ta biyu ma'aikaciyar jinya ce, 'ya'yanta biyu, aurenta ya mutu. Ta duba gidan tsaf, har famfo ta murɗa ta ga ƙarfin ruwa, ta ɗaga kai tana kallon silin, ta nemi ragi, sannan ta ce ba za ta iya biya a dunƙule ba sai kashi-kashi.

Na uku ɗan kawun matata ne, zai yi aure nan da wata uku. Shi bai ma zo ba, surukata ce ta kira ni.

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata tana wurin na farko, don akwai bashin siminti da na rufi a kaina.

Ƙanin Kowa:
Yaya, shekara biyu a dunƙule kuma har kana neman shawara? Turo mini lambarsa, ni ma ina da ɗaki.

Baba Mai Gidaje:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya sa ka ci moriyarsa. Ɗana, na fi shekara talatin ina ba da haya, kuma duk wanda ya taɓa sa ni kwana ban yi barci ba, da fara'a ya shigo kuma da sauri. Kuɗin mutumin nan ba su dame ni ba. Abu biyu ne suka dame ni: yana son makulli yau, kuma ba ya son takarda. Wanda zai zauna shekara biyu a wuri me zai hana shi jiran kwana uku? Ruwa ba ya tsami banza. Ko dai ana korarsa daga inda yake, ko ba shi ne zai zauna ba, ko kuma abin da zai yi a gidan ba ya son sunansa ya fito a jiki.

Kuma ka lura, shi ne bai duba komai ba. Wanda ya yi niyyar zama shi ke buɗe famfo.

Dillalin Gaskiya:
Baba, da girmanka, amma ba kowane mai sauri ne mugu ba. Akwai wanda aka yi wa canjin wurin aiki, yana otal da iyali kuɗi na ta zuba. Akwai 'yan kasuwar da in kuɗi ya shigo hannunsu gara su biya haya su huta kafin su juya shi. Na sha haɗa irinsu da masu gida kuma an rabu lafiya.

Baba Mai Gidaje:
Wanda aka yi wa canjin aiki takardar canjin tana aljihunsa, shi zai fara nuna maka ita. Ban ce a kore shi ba. Cewa na yi a tambaye shi.

Ƙanin Kowa:
Dillali dai la'adar shekara biyu ya hango.

Dillalin Gaskiya:
Kai yaro, ba da kai nake ba.

Malam Lissafi:
Bari in shigo ta inda na fi ƙwari. Ɗan'uwa, bashin nan ne yake yi maka tunani, to mu ajiye shi gefe mu yi lissafi. Idan gida ya zauna wata ɗaya babu kowa, ka yi asarar kashi 1 cikin 12 na kuɗin shekara, wato kusan kashi 8 cikin 100. Wata biyu, kusan 17. Wannan asara ce da ka san iyakarta. Amma in ka saka wanda ya daina biya, sai ka lissafa watannin da bai biya ba, da watannin notis, da na zirga-zirgar kotu, da kuɗin lauya, da gyaran da za ka yi bayan ya fita, sannan ka sake jiran wani. Cikin sauƙi shekara guda ta tafi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Shi kuwa kuɗin dunƙule yana da nasa tarkon. Za ka biya bashi da shi cikin sati ɗaya, sannan ka yi wata 23 gidan bai kawo maka ko sisi ba, alhali rufi zai yi yoyo, famfo zai lalace, kuma duk kai za a kira. In kuma halinsa bai yi maka ba ka so ya tashi, da me za ka mayar masa da ragowar kuɗinsa?

Abin da ake dubawa shi ne abin da ke shigo wa mutum duk wata, a gwada shi da kuɗin haya. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne kada haya ta wuce kusan kashi 30 cikin 100 na abin da yake samu. Shi ya sa za ka ji wasu masu gida na cewa albashi ya ninka haya sau uku. Asalin adadin daga gidajen gwamnati na Amurka ne: a 1969 aka yi doka kada a karɓi fiye da kashi 25 na kuɗin shigar mazauna, a 1981 aka ɗaga zuwa 30. Don haka ba wahayi ba ne, ma'auni ne kawai. Mai albashi ya kawo takardar albashi ta wata uku. Mai sana'ar kansa ya kawo bayanin asusunsa na banki na wata shida, ka ga shige da ficen. Kada babban kuɗin da ya faɗo rana ɗaya ya ruɗe ka, wanda ke shigowa a kai a kai shi ne naka.

Sabon Mai Gida:
Malam, na gode. Amma wallahi da nauyi in ce wa babban mutum ya nuna mini asusunsa.

Hajiya Babba:
Kunyar nan ita ce ta cinye mini haya ta wata goma sha ɗaya a gidana na farko. Mutumin limamin kansa ne a baki, kullum sai ya gaishe ni har ƙasa. Duk ƙarshen wata da sabon labari, ni kuma ina jin nauyin in buga masa ƙofa. Ranar da ya tashi, da daddare ya kwashe. Na shiga da safe na tarar ya cire har kan famfon banɗaki da ƙwan fitila, ya bar mini takardun kuɗin wuta a cushe a bayan mita, an ɗaure su da roba kamar wata ajiya. Na zauna a dandamalin ƙofa na yi kukana ni kaɗai. Tun daga ranar na gane in ka ji kunyar tambaya a farko, za ka ji kunyar roƙon haƙƙinka a ƙarshe, kuma ta biyun ta fi ciwo.

Dabarar da ke cire nauyin ita ce ka buga fom guda ɗaya, kowa ya zo ka miƙa masa. Suna, wurin aiki, inda yake zaune yanzu da inda ya zauna kafin nan, dalilin tashi, mutum nawa za su zauna, wa zai tsaya masa. Ka ce haka tsarin yake ga kowa. Ba kai ke tambaya ba, takarda ce.

Baba Mai Gidaje:
Hajiya ta ambaci inda ya zauna kafin nan, kada wannan ya wuce ka. Mai gidan da yake ciki yanzu ba shaida ba ne mai ƙarfi. In mutumin ya addabe shi, shi zai fi kowa yaba maka shi don ya rabu da ƙaya. Wanda ya riga ya rabu da shi shekara biyu ko uku baya, shi ne ba shi da abin da zai ci ko ya rasa, shi zai gaya maka gaskiya.

Sannan lambar da aka ba ka, ka tabbatar ta mai gida ce. Sau biyu ana haɗa ni da aboki. Yadda nake yi, in na kira ba na cewa wane ne ya ba ni lamba. Sai in ce na ji kana da gidan haya, akwai wanda ya rage? Mai gida na gaske nan take zai ce babu, ko akwai, ko sai wata kaza. Aboki kuwa sai ka ji ya yi shiru yana neman hanya. In an wuce wannan, sai in faɗi kuɗin haya ba daidai ba da gangan, in ce ya ce mini kaza yake biya. Mai gida zai gyara maka, don kuɗinsa ne, ba ya mantawa. Aboki zai ce e, haka ne.

Tambayoyina ba su da yawa. Yana biya a kan lokaci? In zai makara yana faɗa tun kafin ranar? Maƙwabta sun taɓa kawo ƙara? Yaya ya bar gidan? Ta ƙarshe ita ce babba: in ya dawo za ka sake ba shi? Ka saurari tsawon shirun da zai yi kafin ya amsa.

Wurin aikinsa ma kada ka kira lambar da ya rubuta. Nemo lambar ma'aikatar da kanka.

Tsohon Ɗan Haya:
Ina karantawa ina murmushi. Kowa na magana kamar ɗan haya ɓarawo ne har sai ya wanke kansa. Shekara goma sha huɗu na yi a gidajen mutane. Na ga mai gidan da ya karɓi kuɗin ajiya na ɓarna ya cinye, ranar tashi ya ce fenti ya dusashe, alhali shekara biyar na yi ko sau ɗaya bai shafa ba. Na ga wanda ke buɗe ɗakina da nasa makullin ina wurin aiki. Za ku karɓi hoton katin shaidar mutum da sirrin asusunsa, wa ya san inda za su ƙare? Ku ma ku yarda a bincike ku mana.

Hajiya Babba:
Ba ka yi ƙarya ba, ƙanena. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni takardun wanda ban ɗauka ba mayar masa nake yi a hannu.

Na Ƙetare:
Abin da Tsohon Ɗan Haya ya faɗa game da kuɗin ajiya shi ya sa wasu ƙasashe suka ɗaure masu gida da doka. A Jamus, inda nake, ba a karɓar fiye da hayar wata uku a matsayin ajiya, ɗan haya na da damar biya kashi uku, kuma dole mai gida ya ajiye kuɗin daban da nasa. Ta ɗaya ɓangaren kuma ba za ka sami gida cikin sauƙi ba sai ka kawo rahoton Schufa, wato kamfanin da ke tattara tarihin bashin mutane, sau da yawa har da takarda daga tsohon mai gidanka cewa ba ya bin ka komai. A Ingila tun 2007 dole a saka ajiyar a wani tsari da gwamnati ta amince da shi, yanzu cikin kwana 30 da karɓa, kuma tun 2019 ga yawancin gidaje ba ta wuce hayar sati biyar. Kowa an bincike shi, kowa an ɗaure shi. Ko da babu irin wannan doka a inda mutum yake, ba abin da zai hana shi buɗe asusu daban ya zuba ajiyar ya manta da ita. Ba kuɗinka ba ne, amana ce.

Mai Tsantseni:
Duk an kauce wa abin da ke gabanmu. Gida ɗaya ne, ƙofa ɗaya. Matar da babu miji a kanta, ma'aikaciyar asibiti mai aikin dare, za ta riƙa shiga da fita ƙarfe nawa? Su wa za su riƙa zuwa wurinta? Ga bakin mutane, ga matarka. Ni dai shawarata magidanci, mai iyali, kowa ya san matsayinsa.

Maman Biyu:
Malam, na san za a zo nan. Ni ce irin matar da kake magana a kai. Lokacin da aurena ya mutu gida shida na nema. A na huɗu mai gidan ya ƙirga kuɗina a gabana, ya ɗauko rasit zai rubuta, sai ya ɗago ya ce ina maigidan naki? Na ce mun rabu. Ya ajiye biro, ya tura mini kuɗin ta kan tebur da bayan hannunsa, ya ce matarsa ba za ta yarda ba. 'Yata tana riƙe da gefen mayafina tana ji. A na shida sai da yayana ya bi ni ya yi kamar shi zai zauna. Shekarata bakwai a gidan yanzu, ban taɓa kai wa biyar ga wata ban biya ba, don na san in na rasa nan ba ni da wurin zuwa. Magidancin da ke sashen kusa da ni kuwa sau biyu ana raba shi da matarsa da tsakar dare, kuma shi ake bi bashi.

Ku tambayi abin da mutum ya aikata a gidan da ya bari. Takardar aure ba ta biyan haya.

Mai Tsantseni:
Hajiya, ki yi haƙuri, ban yi nufin cin fuska ba. Amma zama gida ɗaya ba kamar ba da gida can wani wuri ba ne. Mutum na da haƙƙin ya zaɓi wanda 'ya'yansa za su tashi suna gani.

Maman Biyu:
Yana da shi. Sai dai ya zaɓa da abin da ya bincika ya gani. Abin da kake yi yanzu zato ne.

Anti Lauya:
Bari in sa baki a nan, don maganar ta wuce ra'ayi, a wurare da yawa doka ce. A Amurka dokar hana wariya a gidaje ta fito a Afrilun 1968, Shugaba Lyndon Johnson ya sa mata hannu sati ɗaya bayan kashe Martin Luther King. Ta hana ƙin ba mutum gida saboda launin fata, addini ko asalin ƙasarsa. A 1974 aka ƙara jinsi, a 1988 aka ƙara naƙasa da kasancewar mutum yana da yara. Ingila na da tata dokar daidaito ta 2010. Abin sha'awa, Mai Tsantseni, dokar Amurkan ta ɗan sassauta wa wanda yake zaune a ginin da bai wuce sashe huɗu ba, wato su ma sun san zama tare daban ne. Amma ko shi ba a yarda ya rubuta wariyar a talla ba. Kowa ya binciki dokar inda yake kafin ya buɗe baki ya ce ba na ba wa irin su wane.

Ko an ajiye doka, ni a aikina abin da na gani shi ne masu zaɓe da ƙabila ko aure ko sutura su suka fi zuwa ofishina da kuka, saboda da zarar mutum ya yi kama da abin da suke so sai su daina bincike. Ka rubuta sharuɗɗanka tun kafin ka ga fuskar kowa: abin da yake samu a wata kaza, shaidar tsohon mai gida, mai tsayawa, adadin mutanen da gidan zai ɗauka. Wanda ya cika ya cika.

Damuwar dare da baƙi kuma ba a magance ta da zato. A yarjejeniya ake sa ta, kuma ta hau kan kowa: ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, wa ke da makullinta, baƙo zai iya kwana nawa kafin a sanar, ba a saka wani a gidan ko a ba shi haya ba da izini a rubuce ba. Wannan na ƙarshen saboda irin mai motarka ne.

Hajiya Babba:
Kuma tun ɗazu ana cewa matarka, matarka, ba wanda ya ce a tambaye ta. Ɗana, kai fita kake yi da safe. Ita za ta raba tsakar gida da igiyar shanya da ko wa ka kawo. Ka sa su zauna su biyu su yi hira ba ka wurin.

Sabon Mai Gida:
In sha Allah, Hajiya. To na ukun fa? Nan ne kaina ya fi ɗaurewa. In na ƙi, surukata. In na ba shi, ban san yadda zan tambaye shi kuɗi ba.

Baba Mai Gidaje:
Ka amsa wa kanka. Wanda ba za ka iya tambaya kuɗi ba, kuma ba za ka iya ba shi notis ba, ba ɗan haya ba ne, baƙo ne. In kana da halin kyauta ka ba shi don Allah, ka cire rai, za ka sami lada. In ba ka da hali, fushin sati biyu yanzu ya fi gabar shekara goma. Na ba ɗan ƙanena gida sau ɗaya. Yau shekara takwas uwarsa ba ta taka gidana ba, kuma kuɗin ma ban samu ba.

Mai Tsantseni:
A nan kam ina tare da Baba. Kuma masu ganin rubutu tsakanin dangi rashin yarda ne, su tuna aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Malaman fiƙihu ma sun shar'anta a haya a san kuɗin, a san muddar. Ka aika masa fom ɗin kamar kowa.

Dillalin Gaskiya:
Ko ka ce ka damƙa gidan a hannun dillali, ba ruwanka. Rabin aikinmu ke nan, mu sha zagin da mai gida ba zai iya sha ba.

Anti Lauya:
Ƙarin abu biyu kafin in shiga kotu. Mai tsayawa ba sunansa kawai za a rubuta ba. Ka gan shi ido da ido, ya san in ba a biya ba shi za a bi, ya sa hannu a kan hakan. Da yawa suna ɗauka shaidar hali kawai suka bayar.

Na biyu, ranar miƙa makulli ku zaga gidan tare da waya a hannu. Hoton kowane bango, tayil, ƙofa, taga, kan famfo, da lambar da mita ta nuna. Ku rubuta, ku sa hannu ku biyu, kowa ya riƙe kwafi. Wannan ne zai raba ku ranar tashi, a gane ɓarna da kuma tsufan da zama ke kawowa, wanda ba a cajin ɗan haya a kansa. Duk kuɗin da aka biya a ba da rasit ko a tura ta banki.

In kuma abu ya ɓaci duk da haka, kada ka canza kwaɗo, kada ka yanke wuta ko ruwa, kada ka cire ƙofa ko ka fitar da kaya. Notis a rubuce, sannan kotu. A Ingila tun dokar 1977 korar ɗan haya da ƙarfi laifi ne da ake hukunta mutum a kai, kuma a wurare da yawa mai gidan da yake bin haƙƙinsa yakan koma shi ne mai biyan diyya saboda wannan. Wahalar fitar da mutum ita ce dalilin duk wannan dogon bincike a bakin ƙofa.

Sabon Mai Gida:
Salam. Na dawo da rahoto bayan kwana biyar.

Na buga fom na ba su ukun. Mai mota ya cike rabi, ya bar gurbin wurin aiki, ya ba ni lambar tsohon mai gidansa. Na yi yadda Baba ya ce, na kira na tambaya ko akwai gidan haya. Mutumin ya ce wane gida? Can sai ya ce au, au, e, gidan, an kama. Jikina ya yi sanyi. Na koma wa mai motar na ce ina son ganin katin shaidarsa da inda yake zaune yanzu. Ya ce bai taɓa ganin mai gida mai tsirfa irina ba, ya kashe waya. Bai sake kira ba.

Ɗan kawun matata ya ga fom ya kira ni da kansa, karon farko. Ashe shi a fahimtarsa zai zauna ne tukuna har ya daidaita bayan biki, sannan a yi maganar kuɗi. Na ba shi haƙuri. Surukata tana amsa gaisuwata da kalma ɗaya yanzu.

Ma'aikaciyar jinyar ta kawo komai a cikin fayil washegari. Hayar za ta ci kusan kashi 35 na albashinta, ta ɗan haura ma'aunin Malam Lissafi. Tsohon mai gidanta na baya ya ce a shekara huɗu sau biyu ta makara, duka biyun ita ta kira shi tun kafin ranar. Na ce za ka sake ba ta? Ya ce ko gobe. Yayanta ya zo ya sa hannu. Sun zauna da matata kusan awa biyu, ban san me suka tattauna ba, na dai ji dariya. Abin da ya ba ni mamaki, kafin ta biya sai ta ce in nuna mata shaidar cewa gidan nawa ne, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa ba zan shiga sashenta ba sai na sanar da kwana ɗaya. Raina ya ɗan sosu, ba zan yi ƙarya ba. Na dai ɗauko takardun.

Tsohon Ɗan Haya:
Ranka ya sosu? To haka muke ji, ranka ya daɗe.

Dillalin Gaskiya:
Allah ya sa alheri. Ni dai har yanzu ban yarda mai motar nan lallai mugu ba ne. Wasu takarda ce kawai ba sa so.

Baba Mai Gidaje:
Mai yiwuwa. Sai ya je ya sami wanda shi ma ba ya so.

Malam Lissafi:
Kashi 35 da mai tsayawa da tarihi mai kyau, ba laifi. Ka daidaita ranar biya da ranar da albashinta ke shiga, kada ka sa ta a tsakiyar wata. Masu bin ka bashin siminti kuma ka je ka same su da jadawalin yadda kuɗin zai riƙa shigowa, kafin su zo su same ka.

Sabon Mai Gida:
Na je wurin mai rufi jiya, ya yarda da kashi huɗu. Mai siminti ne bai sauko ba tukuna. Wata tambayar kuma: mita ɗaya ce a gidan gaba ɗaya. Na ce mu riƙa rabawa biyu, ita ta ce su uku ne mu bakwai, kuma muna da firiza.

Hajiya Babba:
Gaskiyarta. Kada ka bari ta tare sai ka raba mita.

Sabon Mai Gida:
Asabar za ta tare, Hajiya.

Baba Mai Gidaje:
To yau Talata. Nemi mai gyaran wuta ya sa maka ƙaramar mita a layinta kafin Juma'a, ku ɗauki hoton lambar tare.